Yadda Ake Nemo wa Kalmar "Good" Amsa-Amo a Waƙar Turanci

Ɗan yayata, wanda yake aji biyu na babbar sakandare, ya same ni bayan sallar isha'i da takarda a hannu. An ba su aikin rubuta waƙar Turanci mai amsa-amo, shi kuma ya zaɓi ya yi wa mahaifiyarsa. Ya miƙo min ya ce, "Kawu, duba min, duk na daidaita ƙarshensu." Ɗango uku na farko sun ƙare da *good*, *food* da *blood*.

Na ce ya karanta min da ƙarfi. Ya karanta, duka ukun kuma ya furta su da murya iri ɗaya. Sai na buɗe ƙamus a waya, na danna alamar lasifika ta kowace kalma ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru, ya matso da kunnensa, ya ce, "Kawu, sake danna ta ƙarshen." A daren nan muka zauna muka bi kalmar daga tushe, kuma hanyar da muka bi ce zan shimfiɗa a nan. Na zaɓi *good* ne domin a ƙididdigar da masu ƙamusun Oxford suka yi, ita ce sifar da aka fi amfani da ita a Turanci, ga shi kuma tana ɗauke da kusan duk tarkon da mai neman amsa-amo ke faɗawa ciki.

Mataki na farko: san abin da Turanci ke kira amsa-amo

Mu da muka tashi da rubutacciyar waƙar Hausa, kunnenmu ya saba da ƙafiya irin wadda muka gada daga waƙar Larabci. Gaɓar ƙarshe muke dubawa, baƙinta da wasalinta. Idan mawaƙi ya ɗauki "wa", to *zuwa*, *kowa*, *rawa* da *baiwa* duk sun shiga, kuma zai riƙe wannan babban amsa-amo a ɗangon ƙarshe na kowane baiti har waƙa ta ƙare.

Turanci ba haka yake lissafi ba. Kowace kalmar Turanci tana da gaɓar da ake dannawa, wadda murya ke sauka a kanta da ƙarfi, kuma daga wasalin wannan gaɓa amsa-amo yake farawa. Kafin a ce kalmomi biyu sun yi cikakken amsa-amo, sai wasalin gaɓar da aka danna ya zama iri ɗaya, duk sautin da ya biyo bayansa har ƙarshen kalma ya zama iri ɗaya, sannan baƙin da ya zo kafin wasalin ya bambanta. Wannan sharaɗi na uku shi ne ke ba Bahaushe mamaki, domin a wurinmu daidaiton baƙin nan shi ne ado. A wurinsu kuwa, idan ka haɗa *wood* da *would*, waɗanda furucinsu ɗaya ne sak, za a ce maimaici ka yi.

Mataki na biyu: rufe ido, buɗe kunne

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka fi daɗewa. Ajiye rubutun kalmar gefe, ka nemi furucinta. Kowane ƙamus na masu koyo, na Oxford ne ko Cambridge ko Longman, yana rubuta furuci tsakanin sanduna biyu a gaban kalma, na intanet kuma suna da muryar da za ka saurara. Za ka ga *good* an rubuta ta /ɡʊd/, *food* /fuːd/, *blood* kuma /blʌd/. Harufa iri ɗaya a ido, wasula uku daban a kunne.

Bahaushe yana da gata a nan wanda sau da yawa bai san yana da shi ba. Harshenmu yana bambanta gajeren wasali da dogo, ko da yake rubutun boko ba ya nunawa. Faɗi "na cinye duka", sannan ka faɗi "ya sha duka". A ta farko *u* gajere ne, a ta biyu an ja shi. Babu Bahaushen da zai rikita su. To, wasalin *good* ya yi kusa da na "duka" ta farko, na *food* kuma ya yi kusa da na "duka" ta biyu. Shi kuwa *blood* ba ma *u* ba ne, ya fi kusa da gajeren *a*, kamar ka ce "blad". Da na gaya wa yaron haka, nan take ya kama, ya yi ta maimaitawa: gud, fuud, blad.

Akwai dalilin da ya sa rubutun ya zama haka, kuma saninsa yana rage wa mutum jin haushi. A tsohon Turanci kalmomin nan uku wasali ɗaya gare su, dogon *o*. Tsakanin wajajen 1400 zuwa 1700 furucin dogayen wasulan Turanci ya yi babban sauyi, dogon *o* ya koma dogon *u*. *Food* ta tsaya a nan. *Blood* da *flood* suka gajarce da wuri, daga baya wasalinsu ya sake gusawa a kudancin Ingila. *Good* ita ma ta gajarce, amma a makare, sai ta zauna inda take yau. Ana cikin wannan sauyi William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda alhali baki bai daina juyawa ba. Shi ya sa idan ka ga tsohuwar waƙar Turanci ta haɗa *good* da *blood*, kada ka ɗauka lasisi ne a gare ka a yau.

Abin da za ka rubuta a saman takardarka bayan wannan mataki shi ne wutsiyar sautin kaɗai: gajeren *u* da *d*. Ita za ka yi farauta da ita.

Mataki na uku: bi baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya

Ɗauki wutsiyar nan, ka riƙa liƙa mata baƙi a gaba kana furtawa da ƙarfi, daga *b* har *z*. Kada ka tsaya ga baƙi guda-guda. Bayan ka gama, koma ka gwada masu haɗe: *bl*, *br*, *ch*, *cl*, *fl*, *gr*, *pl*, *sh*, *sl*, *st*, *str*, *th*, *tr*. Duk wadda ta yi maka kama da kalma, rubuta ta, sannan ka tabbatar a ƙamus.

Da muka yi haka, *b* ta ba mu *bud*, muka duba muka ga wasalin *blood* ne da ita, muka cire. Haka *mud* da *dud*. Sautin *k* ya ba mu *could*, *h* ta ba mu *hood*, *sh* ta ba mu *should*, *st* ta ba mu *stood*, *w* kuma ta ba mu *wood* da *would*. Shida ke nan cikin kalmomin yau da kullum masu gaɓa ɗaya. Lura cewa rabinsu ba su da *oo* ko kaɗan a rubuce, har da wani *l* da ba a furtawa. Wanda yake nema da ido ba zai taɓa cin karo da su ba.

Kada ka raina *could*, *should* da *would* don ƙananan kalmomi ne. A tsakiyar jimla Bature yana haɗiye su, amma idan suka zo ƙarshe suna samun cikakken ƙarfi. *I did all I could* jimla ce da ake faɗa kullum, kuma tana rufe ɗango ba tare da wani ya ji an tilasta mata ba. A ganina su ukun nan sun fi *hood* da *wood* amfani nesa ba kusa ba, domin ba sa jawo maka wani hoto da ba ka nema ba. Da zarar ka sa *wood*, dole ka nemo dalilin shigowar itace cikin waƙarka.

Mataki na huɗu: dogayen kalmomi, da inda ake danna su

Yanzu nemi kalmomin da suka ƙare da waɗannan shida. A nan sai ka kula da wata 'yar alama a ƙamus, ɗan gajeren layi a sama da ake sawa kafin gaɓar da ake dannawa.

*Understood*, *misunderstood* da *withstood* duk a gaɓar ƙarshe ake danna su, don haka cikakken amsa-amo ne, babu gardama. Sai rukuni na biyu, masu gaɓa uku irin su *neighbourhood*, *brotherhood*, *motherhood*, *likelihood*, *livelihood*, *sandalwood*, har da *Hollywood* da namu *Kannywood*. Babban ƙarfinsu yana gaɓar farko, amma ta ƙarshe ma tana da ɗan nauyinta saboda akwai gaɓa mara ƙarfi a tsakani da ke ba murya damar sake tashi. Mawaƙan Turanci suna amfani da su, kunne kuma yana karɓa.

Rukuni na uku ne ke yaudara: *childhood*, *manhood*, *falsehood*, *plywood*. Gaɓa biyu ne, ƙarfin duk yana ta farko, ta biyun ta biyo ta a sanyaye. Idan ka haɗa *childhood* da *good*, ko dai ɗangon ya yi ɗingishi, ko kuma mai karatu ya murɗe kalmar ya danna inda ba a dannawa. Ba haramun ba ne, amma ka san cewa ka sauka daga cikakke zuwa na kusa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: ina buga tebur da yatsa a duk inda muryata ta sauka da ƙarfi. Idan bugun ƙarshe bai faɗo a kan wutsiyar da nake nema ba, na san akwai gyara.

Mataki na biyar: amsa-amo na kusa

Kalmomi shida da 'yan uwansu ba za su ishe ka doguwar waƙa ba. Turanci yana da wasula da yawa da ƙarshen kalmomi barkatai, don haka kowace wutsiya 'ya'yanta kaɗan ne, ba kamar Hausa ba inda kusan kowace kalma ke ƙarewa da wasali. Wannan ne ya sa amsa-amo na kusa yake da daraja a wurinsu. Emily Dickinson ta Amurka, wadda ta rasu a 1886, ta cika waƙoƙinta da shi. Dabarar ita ce ka sassauta sharaɗi ɗaya ka riƙe sauran.

Fara da riƙe wasali ka canza baƙin ƙarshe, amma ka canza shi da maƙwabcinsa. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka furta *d*, sannan ka furta *t*. Harshe a wuri ɗaya yake taɓa hanƙa, bambancin kawai *d* tana da ziza, wato rawar da yatsanka zai ji a maƙogwaro, *t* ba ta da ita. Saboda haka mafi kusa da *good* su ne *foot*, *put* da *soot*. A cikin waƙar da ake rerawa da wuya mai sauraro ya lura ba cikakke ba ne. Daga su sai kalmomin aikin da ya wuce: *pulled* tana ƙarewa da *d* bayan *l*, su kuma *looked*, *cooked*, *booked* da *pushed* da sautin *t* suke ƙarewa ko da yake *ed* aka rubuta. Idan ka ƙara matsawa baya kaɗan za ka tarar da *book*, *look*, *took*, *cook*, *shook*, can nesa kuma *full*, *pull*, *wool*, *bush* da *push*. Jera su a takarda bisa wannan kusanci, domin lokacin rubutu daga sama za ka fara ɗauka.

Hanya ta biyu ita ce ka riƙe *d* ta ƙarshe ka canza wasali. A nan *food*, *mood*, *rude*, *glued*, *gratitude* suke, a nan kuma *blood*, *flood* da *mud* suke. Wato abin da yaron ya kawo min ba shara ba ne, amsa-amo na kusa ne. Matsalar ita ce cikakke aka ce ya kawo, shi kuma bai san ya kauce ba. Na fi damuwa ma da wani abu daban: ya rubuta cewa mahaifiyarsa tana son sa da jininta, da na tambaye shi abin da yake nufi sai ya ce shi dai yana neman abin da ya ƙare da *ood* ne.

Akwai hanya ta uku, inda ake riƙe baƙin farko da na ƙarshe a canza wasalin tsakiya kaɗai: *good*, *guide*, *goad*. Wilfred Owen, sojan Birtaniya da aka kashe a Nuwamba 1918, mako guda kafin a tsagaita wuta a yaƙin duniya na farko, ya shahara da wannan salo. Yana bar wa kunne wani irin rashin natsuwa, kamar ƙofar da aka tura ba ta rufu ba. Ya dace da waƙar baƙin ciki ko ta tashin hankali. Ba zan sa shi a waƙar biki ba.

Wanne za ka zaɓa? Idan rerawa za a yi ko ɗorawa a kan kiɗa, ɗauki masu wasali iri ɗaya, domin wasali ake ja, baƙin ƙarshe kuwa sau da yawa kiɗa ke haɗiye shi. Idan kuma a takarda za a karanta, masu baƙin ƙarshe iri ɗaya suna tsayawa da kyau.

Mataki na shida: sai yanzu za ka buɗe intanet

Da gangan na ajiye wannan a baya. Ƙamusun amsa-amo tsohon abu ne, John Walker ya fitar da nasa a Landan tun 1775, inda ya jera kalmomi bisa harufansu na ƙarshe. A yau akwai RhymeZone, wanda za ka rubuta kalma ya zubo maka cikakku da na kusa, an rarraba su bisa yawan gaɓoɓi. Akwai kuma ƙamusun furuci na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, mai kalmomi sama da 134,000, wanda yake rubuta *good* a matsayin G UH1 D, *food* F UW1 D, *blood* B L AH1 D. Lambar 1 tana nuna gaɓar da ake dannawa. Furucin Amurka yake bi.

Yi amfani da su don cike giɓin da ka bari. Za su kawo maka sunayen mutane da tsofaffin kalmomin da ba wanda ke faɗa, duk ka tsallake. Kalmar da ba ka taɓa ji a bakin mutum ba, kada ka rufe ɗango da ita.

Mataki na bakwai: wa zai saurara?

Turanci ba baki ɗaya ba ne. A arewacin Ingila, wajajen Manchesta da Lids, *good* da *blood* da *mud* wasali ɗaya gare su har gobe, domin waccan gusawar wasali da ta faru a kudu ba ta kai can ba. A Sikotlan kuma *good* da *food* ne suka haɗe. A Najeriya ma mutane da yawa ba sa bambanta waɗannan biyun a magana. Idan a dandalin waƙar baka za ka tsaya a Kano ko Kaduna, da bakinka da na masu sauraronka za a auna ka, *good* da *food* za su wuce lafiya. Idan kuwa jarrabawa ce, ko gasa, ko mujallar da editanta ke wata ƙasa, bi abin da ƙamus ya ce.

Idan sifar ba mai gaɓa ɗaya ba ce

Hanyar ba ta canzawa, wutsiyar ce ke tsawo. Ɗauki *happy*. A gaɓar farko ake dannawa, don haka daga wannan *a* amsa-amo zai fara, ya kwashe duk abin da ke bayansa. *Snappy*, *scrappy* da *nappy* sun cika. *City* da *money* ba su shiga ba ko kaɗan, duk da cewa kunnen da ya saba da ƙafiyar Hausa zai so ya karɓe su saboda ƙarshensu. Na kusa su ne irin su *shabby*, tunda *b* maƙwabciyar *p* ce, sai *daddy* da *catchy*. A kula da *p* ɗin nan, kada ta koma *f* a baki, domin tana cikin wutsiyar da ake aunawa.

*Beautiful* kuwa, da ake dannawa a gaɓa ta uku daga ƙarshe, *dutiful* ce abokiyarta da aka sani. Akwai ma waɗanda kusan ba su da kowa, irin su *orange*, *purple* da *silver*. Akan ambaci wani tsauni a Wales mai suna Blorenge a matsayin abokin *orange*, amma ba abin da zai amfane ka da shi. Irin waɗannan, mayar da su tsakiyar ɗango ka rufe da wata kalma, ko ka nemi mai ma'ana kusa da su. Ko *good* ɗin ma, idan shidan nan sun ƙare maka, *kind*, *fine* da *right* suna nan, kowace da dangi masu yawa.

Mataki na ƙarshe: ɗora su a baiti

Kafin ka taɓa jerin kalmominka, rubuta abin da kake son faɗa da Hausa, a jimla ɗaya. Na tambayi yaron, me ya fi burge shi game da mahaifiyarsa? Ya yi tunani ya ce, duk azumi takan dama kunu ta soya ƙosai ta fitar ƙofar gida, yaran unguwa da almajirai su yi layi, kuma bai taɓa jin ta kori wani don an ce ba ya jin magana ba. Na ce to ga waƙarka nan.

Sai muka koma kan jerin, muna neman kalmar da ta riga ta zauna cikin wannan labari. *Wood* ba ta ciki, *hood* ba ta ciki. *Neighbourhood*, wato unguwa, tana ciki tun kafin mu neme ta. Daga nan sai dabara ɗaya da nake so kowa ya riƙe: kalmar da ka nemo don amsa-amo, sa ta a ɗangon farko, wadda kuma ita ce zuciyar maganarka ka ajiye ta a na biyu. Kunne yana zargin kalma ta biyu ne, ita yake tuhuma ko an jawo ta da ƙarfi. Idan ta biyun ita ce ainihin abin da kake nufi, ba wanda zai ga ɗinkin. Ga abin da muka samu:

*She feeds the boys of all our neighbourhood,*
*And never asks them who is bad or good.*

Ma'ana, tana ciyar da yaran unguwarmu duka, ba ta taɓa tambayar wane ne na kirki wane ne ba na kirki ba. Muka buga tebur muka ƙirga, kowane ɗango gaɓa goma, bugu biyar, na ƙarshe kuma ya sauka daidai kan wutsiyar. Na sa ya ɗauki muryarsa a waya ya saurara, domin abin da baki ya ɓoye maka lokacin da kake karantawa, rikodin zai nuna maka.

Baiti na biyu shi kaɗai ya yi. Yana son ya faɗi yadda take zuwa kasuwa a ƙasa don ta rage kuɗin mota ta ƙara wake, sai ya rufe ɗangon farko da *foot*. Ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan na kusa ne, ko?" Na ce na kusa ne. Ya ja layi a ƙarƙashinta da fensir, ya ce zai nemi wadda ta cika tukuna, in bai samu ba zai bar ta ya gaya wa malamarsu da saninsa ya sa.